Kafin Ki Tafi da Balki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Talatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan Yamai ba ta ƙarasa maki ƙafafu ba da yawo daga wannan biron gwamnati zuwa wancan. Mu nan Madarumfa lafiya lau. Ruwan tabki ya fara ja baya, masu lambu sun bi shi. Innarki na gaishe ki, gwiwarta dai kin san halinta. In kun yi waya da maigidanki Isyaka ki miƙa mashi gaisuwata. Allah ya tsare ki a inda kike, ya maido mana da ke lafiya.

Kin ce takardun Balki sun fito, alƙali ya sa hannu, ranar Alhamis za ki zo ki ɗauke ta ku wuce Beljik. Alhamdu lillahi. Tun da Allah ya karɓi ubanta, ƙanenki Sani, bayan uwar yarinyar ta riga shi, Balki ba ta da kowa sai mu tsofaffi biyu, kuma yarinya mai shekara uku da rabi ta fi ƙarfin gudunmu. Hannunki ya fi namu. Amma kin roƙe ni abu guda a waya: kada a gaya mata. A ce da ita za ku je Maraɗi sayen riga ku dawo, in ta yi barci cikin mota shi ke nan. Na ce maki to. Wannan to ɗin ne ya zaunar da ni rubutu. Da na so in yi maki saƙon murya, sai na tuna innarki na da kunnen da ke jin sirri ta bayan katanga, ga shi kuma muryata ba abin dogaro ba ce a kan wannan magana. Takarda ba ta rawa. Ki yi haƙuri da tsawonta, kin san ni tsohon direba ne, ban iya gajeriyar hanya ba.

Kin san a ƙasar Gana aka haife ki, kin san ƙanena Haruna ne ya haife ki, mahaifiyarki kuma Ba'ashantiya ce daga wani ƙauyen masu noman koko bayan Kumasi. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na fito da ke daga ƙauyen. Lokacin ina jan kamiyo, babbar motar kaya, in kai albasa da wake in komo da goro. Da su biyun suka rasu, kakarki ta wajen uwa ce ke riƙe da ke, tsohuwa ga ciwo. Su can ɗa na dangin uwa ne, sai da aka yi zama uku kafin su yarda su ba ni ke. Shekarunki kamar na Balki yau. Ba ki jin ko kalma guda ta Hausa, sai yaren Ashanti. Ni kuma a yarensu farashin goro kaɗai na iya.

Ranar tafiya kika riƙe zanen tsohuwar. Sai na ce da mai yi mana tafinta ya gaya maki za mu shiga babbar mota mu sayo burodi mu dawo. Kika saki zanen, kika miƙo mani hannu kina murna. Ko sallama ba ki yi da ita ba, wa ke sallama don zai je sayen burodi? Na ji daɗin dabarata, har ina ce ma raina na iya yara. Na kuwa sayi burodin a gari na farko. Kika rungume shi ba ki ci ba, kina jiran mu juya. Kwana biyar muka yi a hanya, duk inda na rage gudu sai ki miƙe ki leƙa ta taga. Muka iso gida burodin ya bushe kamar dutse, yana hannunki.

To ki ji, Talatu. Ƙaryar da ake yi ma yaro don kada ya yi kuka, babba take hutarwa. Ni na huta da kukan minti goma a gaban mutane. Abin da ya biyo baya ke kika ɗauke shi, ga shi nan tafe.

Mun iso, ranar farko muka sauya maki suna. Can Abena suke ce maki, don Talata aka haife ki, sai mahaifiyata Iya ta ce ai ga shi a sauƙaƙe, Talatu ke nan. Muka yi ta kira ba ki waiwayowa. Innarki har ta tafa hannu bayan kunnenki ta gani ko kurma na kawo mata. Kika zabura, muka yi dariya. Wata biyar ba ki ce uffan ba. Maƙwabta na shigowa suna cewa, "Kai, Mamman, wannan ɗiya taka akwai hankali! Inda aka aje ta nan za a iske ta." Ni kuwa in buɗe baki ina jin daɗi, kamar ni na koya maki. Kuma ba ki da ƙyuya. Duk wanda ya miƙo hannu za ki je, mai tallar kifi, baƙon da ya zo tambayar hanya, kowa. Muka ce yarinya ta saba.

Ba ki saba ba. Shirun na wanda ba shi da abokin magana ne, kuma kina zuwa wurin kowa ne don ba ki san wane ne naki ba a cikinmu. Sai daga baya na gane. Ranar da kika fara ɓuya bayan zanen innarki don wani baƙo ya shigo, ranar ya kamata mu yanka kaza. Saboda haka in kun isa can kika ga Balki ta yi lamo, tana bin umarni, tana yi ma kowa murmushi a kan hanya, kada ki bugo mani waya ki ce, "Baba, ko a jikinta." Ki matso da ita. Kwanakin farko ke ki ba ta abinci, ke ki yi mata wanka, kada ki riƙa miƙa ta hannu-hannu don ƙawayenki sun zo ganin ɗiya. Ranar da ta yi maki birgima a ƙasa tana shure-shure, ki gode ma Allah, ta yarda ke tata ce. Sunanta kuma ki bar mata shi yadda kunnenta ya san shi, ko da bakin mutanen can zai sha wuya.

Kuskurena na uku ya fi waɗannan nauyi, don shi da gangan na yi shi. Akwai wata mata a unguwar masunta, Azumi, ana ce mata Ƴar Gwanja don ta daɗe a Gana kafin ta komo gida. Ta ji labarinki ta zo. Ta durƙusa a gabanki ta yi maki magana da yarenku. Talatu, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Yarinyar da muke ce ma mai shiru ta ɓalle da zance kamar an fasa randa. Kina faɗi, kina nuna ni, kina nuna ƙofa, kina nuna Iya. Azumi na dariya, can kuma ta bar dariyar. Na ce, "Mi take cewa?" Ta ce, "Tambaya take, wai ku su wane ne, kuma mi ya sa kakarta ta can Gana ba ta zo ta ɗauke ta ba har yanzu."

Da Azumi ta tashi tafiya kika maƙale mata, kika yi kukan da har kika yi amai. Kwana biyu ba ki ci abincin kirki ba. Sai na yanke hukunci irin na mai gida: na aika aka ce da Azumi ta yi haƙuri ta bar zuwa, tana tayar mana da hankalin yarinya, kuma in ana yi mata wancan yare yaushe za ta kama Hausa? Azumi ta aiko da amsa, "A gaya ma Mamman motarsa ce, ya ja ta yadda ya so." Ba ta sake tako gidan ba. Tambayoyinki biyu kuwa ba wanda ya amsa maki su.

Abin da ya faru, wancan yaren ya zube da sauri fiye da yadda Hausa ke shigowa. Aka yi wani lokaci, watanni, da ba ki da na can ba ki da na nan. In cikinki na ciwo ba ki da abin faɗi. In yara sun ƙwace maki abu sai cizo, aka sa maki suna Mai Haƙora. Ni na yi maki wannan.

Na kawo shi ne don abin da kika ce rannan muna cin abinci, wai da Faransanci kaɗai za ku riƙa yi ma Balki magana a gida don ta yi saurin kamo ƴan lakwal, wato makaranta, tun da Isyaka Bazabarme ne, Hausarsa ta cinikin kasuwa ce. Kada ki yi. Faransanci zai zo da kansa, titi zai ba ta, madam ɗin lakwal za ta ba ta, telebijin ma ba zai bar ta ba. Hausa kuwa a duk garin nan bakinki kaɗai ne rijiyarta. Da ita ta san yunwa, da ita ta san tsoro, da ita take yi mani ƙarya in ta shanye nonon da innarki ta aje. Ki bar mata ita har sabuwar ta yi ƙarfi, kuma ko ta yi ƙarfin kada ki karɓe. In ta yi kuka bayan mun yi waya, ba wayar ce ta kawo kukan ba, dama yana ciki. Kada ki hana ta mu don ki samu gida shiru. Isyaka kuma ya daure, ai ba zai mutu ba don ya koyi Hausar da ta wuce "nawa ne, rage mani."

Bayan shekara guda da wani abu bakinki ya buɗe. Hausa tsaf, irin ta nan, har da zagin ƴan bakin tabki. Muka ce an gama, yarinya ta zama tamu. A nan na sake yin kuskure, don na zaci wanda ya iya magana ya iya mutane.

Da farko abin a tatsuniya na lura da shi. Kin san ni da ita, Iya ta cika mani kai tun ina ƙarami. Wata rana bayan mun ci tuwo ina ba ku wata da na ƙaga, ke da ƴaƴan maƙwabta. Kura ta samu ƙafar rago ta ɓoye cikin tulu ta tafi rafi. Biri ya gani, ya ɗauke ya rataye bisa tsamiya. Kura ta komo tana lashe baki, ta zura kai cikin tulu, kan ya maƙale. Yara suka kwashe da dariya, har waɗanda kika girma. Ke kuwa kika ɓata rai kika ce, "Mi ya kai ta tulu? Ai naman na bisa itace." Na ce ai ita ba ta sani ba. Kika ce, "Yana bisa itace mana!" A wurinki abin da kika sani kowa ya sani, har kura. Na yi dariya na wuce. Ban tsaya na yi tunani ba cewa sauran yaran tun suna goye suke jin ana cewa wance ta zaci, wane bai sani ba, wancan da wasa yake, wannan kunya ce ta hana shi. Ke kuwa lokacin da ya kamata ki sha irin wannan zance kina zaune tsakaninmu kamar mai kallon bakin kifi cikin ruwa.

Sai ga maganar takalman Iya. Kin san wasan kaka da jika. Iya, Allah ya jiƙanta, ta iya shi har ya yi yawa. In kin wuce sai ta ce, "Ke baƙar Gana, kin cinye mani hatsi. Bari ranar kasuwa ta zo, in kai ki in musanya ki da ɗan akuya, ko banza ya ba ni taki." Kowa ya yi dariya. Jikokinta na nan in ta faɗa masu haka sai su rama, "Ke za a kai, tsohuwa, ko kaza ba za a bayar ba!" Ke ba ki ramawa. Muka ce kunya ce.

Sai takalmin Iya ya fara ɓata. Ƙafa guda, kuma kullum da safiyar kasuwa. Ta yi ta faɗa, ta zargi kare, ta zargi innarki da share shi cikin shara, har ta fara zargin aljanu ta sa aka yi mata turare a ɗaki. In sayo wani, sati ya zagayo, ƙafa guda ta tafi. Iya ta fasa zuwa kasuwa ya fi sau biyar, don ta ce ba ta shiga cikin mutane da takalmi baƙi da ja kamar mahaukaciya.

Ranar da na hau rumbu ɗebo gero na iske su a can ƙasa, an turo su ta wata ƴar kafa da ɓera ya yi. Duk na hagu. Ban sha wahalar neman ɓarawo ba, kina tsaye a gindin rumbun kina kallon takalman da ke hannuna. Na sauko da fushi, na kama kunnenki, na ce, "Sata a gidana? Mi tsohuwa ta yi maki?" Kika ce, "In ba ta da takalmi ba ta kai ni."

Na ce, "Ta kai ki ina?"

Kika ce, "Wurin mai akuya."

Na saki kunnen. Na ce ai wasa take, kakarki ce, son ki take. Kika dube ni, ba da rashin kunya ba, tambaya ce tsakani da Allah, kika ce, "Kai ma ka ce burodi."

Shekara biyu da maganar, da yaren da na zaci ya goge daga kanki. Na zauna a ƙasa nan gindin rumbu, ni da nake jan kamiyo ƙasa uku. Wata nawa kina kwana kina tashi kina lissafin ranar kasuwa, mu muna dariya a kanki, mu a ganinmu ƙauna muke nuna maki. Mu haka muke, wanda muke so shi muke tsokana, ɗan fari ko sunansa ba mu faɗi, yabo a gaban ido kuwa sai dai a ji a bakin maƙwabta. Yaron da aka haifa a ciki yana karanta wannan duka ba a koya mashi ba. Ke a wurinki magana ita ce abin da aka faɗa, kuma an taɓa ɗauke ki daga gida da magana mai daɗi.

Iya ta ji abin da kika ce. Ranar kasuwa ta gaba ta sa takalmi, ta kama hannunki, kina turjewa, ni ina biye. Ta kai ki har wurin masu awaki ta tsaya ta ɗaga murya, "Kai masu akuya! Ku tara su duka, da na garin Safo da na garin Sarkin Yamma, ku ƙara da raƙumi. Kun ga wagga? Ba ni bayarwa!" Mutane suka yi ta dariya, wani dillali ya ce, "Iya, wa ya taya?" Ta ce, "Ina dai gaya maku ne tun da wuri." Ta saya maki ƙosai kuka komo gida. Ba a yi wata biyu ba na ji kina ce mata, "Tsohuwa, yau nawa za a saye ki?"

To, Balki za ta shiga cikin mutanen da wasansu daban, fushinsu daban, abin da suke nufi da murmushi ma daban. Ranar da kika ji Faransanci na zuba a bakinta kada ki ce an gama. Ki riƙa fassara mata mutane yadda ake fassara yare. Ki ce mata madam ta ɗaga murya ne don tana tsoron mota ta buge ki, ba ƙin ki take ba. Yarinyar can ba ta san kina son abin wasan ba, shi ya sa ta ɗauka. Isyaka wasa yake, dubi idonsa. Ki ba ta tatsuniya, ki tsaya a tsakiya ki tambaye ta mi wane yake zato, mi wance take ji a ranta. In ta yi wani abin da ya yi kama da mugun hali, ki tambayi dalili kafin hannunki ya kai ga kunne. Kuma ki faɗa mata da baki, ƙarara, cewa ba inda za a mayar da ita, ko ta yi laifi ko ba ta yi ba. Ki aje kunyar nan tamu, can ba mai ganin ki. Ni ban faɗa maki ba sai yau da furfura ta gama da ni: tun ranar da kika miƙo mani hannu a ƙauyen nan ban taɓa tunanin rabuwa da ke ba, ko na minti guda.

Saura in gaya maki abin da na aikata, in za ki yi fushi ki yi da ni. Na karya alkawarin da na yi maki. Jiya da hantsi na zaunar da Balki a ƙofar gida na gaya mata. Na ce Gwaggo Talatu za ta zo Alhamis, za ku shiga mota, ku shiga jirgi, ku je gari mai nisa mai sanyi, can za ki zauna da ita. Ta ce, "Da kai?" Na ce a'a. Ta ce, "Da Inna?" Na ce a'a, mu muna nan, za ki riƙa ganinmu cikin waya. Ta ce, "Kwana nawa?" Na ce da yawa, sun fi yatsunki da nawa. Ta yi kuka, Talatu, kuka sosai, ta buge ni a ƙirji, na bar ta ta yi. Ni ma ban tsira ba, mai shagon da ke kallonmu ya juya baya yana gyaran kwalaye.

Da ta gaji ta kwanta a jikina. Can ta ɗago ta ce, "Inna ta sani?" Kafin in amsa ta sauka ta shiga gida. Na bi ta. Innarki na zaune tana tsince wake, ita da ta kwana uku tana ninke kayan yarinyar a ɓoye. Balki ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Inna, ke ba ki sani ba, bari in gaya maki, amma kada ki yi kuka. Zan yi tafiya mai nisa." Innarki ta aje faifan ta ce, "Haba? Zo ki gaya mani da kyau." Ta kuwa zauna ta gaya mata duka, har da sanyin.

Saboda haka Alhamis ki zo da shirin kuka, nata da namu. Ba za a ɗauke ta tana barci ba. Za ta zagaya ta yi sallama da maƙwabta, mu raka ku tasha, mu tsaya inda za ta gan mu har motar ta sha kwana.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku a ƙasa da sama, ya sanya albarka a riƙon nan, ya haɗa ku da mutanen kirki a inda za ku. Allah ya jiƙan Sani da matarsa, da Haruna da mahaifiyarki, da Iya, da tsohuwar nan ta ƙauyen koko da na hana ta sallama da jikarta. Ke kuma ki yafe mani. Allah ya yi maki albarka.

Wassalam.

Babanki,
Mamman Direba,
Madarumfa.